Tafiyar Baffa Daudu a Aji Biyu

Ku matso kusa, don yau ba da ƙarfi zan yi magana ba. Ni Saude, wadda in na buɗe baki a bakin rijiya sai an jiyo ni a tsakiyar kasuwar Gwiwa, tun ranar Asabar daga makaranta sai ɗakin Inna, ko leƙen ƙofar gida ba na yi. Mai son dariya ya yi ta a cikinsa. Ni na riga na yi tawa, ita ce ma ta kawo ni inda nake.

Wanda bai san ni ba, malamar makaranta ce ni. Kada ku hango wata babba mai tabarau. Bara da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga boko kyauta, malamai suka yi ƙaranci, aka kwashe mu da muka gama firamare aka kai mu Kazaure kwas na 'yan watanni, aka dawo da mu da alli a hannu. Bana aka ba ni aji biyu. Ajin ma rumfar zana ce, allo a jingine jikin darbejiya, yara a ƙasa cinya kan cinya, in akuya ta ga dama ta shigo ta ɗauki darasi.

Da farko yadda aka koya mana nake yi. In faɗi kalmar Turanci, su maimaita da ƙarfi har zana ta girgiza, gobe in tambaya su zuba min ido kamar yau muka fara haɗuwa. Laifinsu ne? Rabinsu Fulatanci suke yi a gida, Hausa a kasuwa, ga shi na zo musu da na uku. Ni kaina barci yake sa ni. Shi ne na ce tunda wasa ne abin da na fi iyawa a duniya, bari in kawo shi aji. Na ɗinka ƙwallon tsumma. In na nuna abu na jefa maka, sai ka faɗi sunansa da Turanci, in ka kasa ka yi tsallen kwaɗo ka zagaya allo. Muka kafa kasuwar ƙarya da duwatsu da ganye, ana saye ana sayarwa har da rantse-rantse. Maza suka koyi "hop" a wasan langa, har yau ba wanda ya manta. Hedimasta Malam Haladu da farko ya ce na mai da masa makaranta dandali. Ranar da mai duba makarantu ya zo daga Kazaure ya ji yarana suna amsa masa tun kafin ya rufe baki, sai Hedimasta ya daina zagayowa ta bayan rumfata.

Amma wasan da suka fi so shi ne Wane Ne Wannan. In kwaikwayi wani a gari, su canka, sannan in ba su kalmar. In na yi mahauci yana wasa wuƙa yana hararar kare, sun samu "knife". In na yi Hedimasta yana atishawarsa mai hawa uku, sun samu "sneeze", ni kuma na samu harara. Allah ya ba ni wannan, in na kalli mutum sau ɗaya na ɗauke tafiyarsa da tarinsa. Da na ɗauka baiwa ce.

Yanzu bari in kawo muku Sama'ilu. Malamin dabbobi ne a Kazaure, ranar Juma'a yake zuwa a kan Hondarsa da ya saya da kuɗin ƙarin albashi na Udoji. Dogo, wando mai faɗin ƙafa, sumar nan an taje ta an ɗora hula a gefe, yana warin maganin shanu ya bi shi da turare wai kada in ji. Ina ji. Ba ya magana sosai, ni ke yi mana mu biyu, shi nasa murmushi. Kada ku tambaye ni ko ina son sa, kun ga dai na san ƙarar babur ɗinsa a cikin na kowa.

Mahaifinsa shi ne Baffa Daudu. Bai kamata ma sunan nan ya fito daga bakina ba, amma in ban faɗa ba yaya za ku gane? Rugarsu tana kan hanyar Roni, sun daɗe da zama, suna noma suna kiwo. Mu kuwa asalinmu Barebari ne, kakana ne ya zo daga gabas. Kun san tsakanin Barebari da Fulani, wasa ne na gado, ba babba ba yaro. Tun ina tallan dafaffiyar gyaɗa nake tare mutumin nan a kasuwa. In ce masa sandarsa ta fi shi ƙiba, ya ce min Babarbariya mai bakin reza, ya ɗebi gyaɗata ya ƙi biya sai na riƙe masa riga. Yana ɗingisa ƙafar hagu, yana ratsa sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa, kuma ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya sau biyu kamar mai shirin huɗuba. Duk garin nan ba wanda nake jin daɗin tsokana kamarsa.

Ranar da mutanensu suka kawo goron gaisuwa gidanmu, da yamma Gwaggo Abu, yayar Babana, ta kira ni ɗaki ta saki labule. Ta ce daga yau wannan bawan Allah ba abokin wasana ba ne, suruki ne. In na hango shi in sauka daga hanya in durƙusa. Ba kallon ido, ba kiran suna, in ya yi magana amsata "na'am" ce da "to". Ta ce kowa zai iya wasa da kowa a duniyar nan, ban da mutum da matar ɗansa. Ta kuma tuna min cewa har yanzu bai ba da maganar ƙarshe ba. Ya ce a bari sai bayan kaka, yana so ya ga kamun ludayin 'yar bokon nan.

Na ce, "Gwaggo, shi ma zai iya dainawa kuwa?"

Ta ce, "Ki roƙi Allah ya daina. In ya daina, ya karɓe ki ke nan."

Ya kuwa daina. Muka haɗu a hanyar rijiya, na durƙusa a cikin ƙaya, ya amsa gaisuwata a daƙile ya wuce yana kallon gabas kamar bai taɓa satar gyaɗata ba. Da na faɗa wa Inna har guɗa ta yi a hankali. Ni kuwa maganganu cike da bakina, na ga hularsa ta karkace, na ga jakinsa ya fi shi kyan gani, duk na haɗiye. Damina guda ina haɗiya. Kun san abin da ake haɗiyewa ba ya ɓacewa, wuri yake nema.

Ya samu wuri ranar wata Litinin. Rana ta take, yara sun yi laushi, wasu har gyangyaɗi. Kalmomin ranar su ne "old" da "slow" da "stick". A littafin an zana wani tsohon Bature da lema, na ɗaga musu, suka kalle shi kamar an nuna musu bango. Na waiga na ga karan dawa ya zame daga jikin zana. Wallahi ban shirya ba. Hannuna ne ya ɗauka, kafaɗata ta karɓa, ƙafar hagu ta fara ja da kanta. Na yi gyaran murya sau biyu.

Ajin ya fashe. Masu barci suka miƙe tsaye, ana ta kiran sunansa. Na ce "old man", suka amsa. Na ja ƙafa na ce "slow", suka amsa har da tafi. Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma kun san ni da 'yan kallo. Na kori saniyar da babu, na kasa cim mata, na tsaya ina haki ina yi mata faɗa da Fulatancin ƙarya. Har 'yan aji ɗaya suka leƙo ta ɓular zana.

A sahun gaba akwai Ma'u, autar Baffa Daudu, ƙanwar Sama'ilu. Ita ce mace ta farko da aka bari ta shigo boko daga rugarsu, shi ma sai da Sama'ilu ya yi ta lallashi. Ina so in ce muku na manta tana wurin. Ban manta ba. Daɗin wasa ne ya ɗebe ni, na ɗauki ƙwallo na jefa mata, na ce, "Ma'u, wane ne wannan?"

'Yar Fulani, a ce ta kama sunan ubanta, a gaban mutane, ana yi masa dariya. Ta cafe ƙwallon. Ta dube shi a hannunta. Ta ajiye shi a ƙasa a hankali kamar ƙwai, ta gyara ɗankwalinta, ta ratsa ta tsakiyar yara ta fita. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Na tsaya da kara a kafaɗa, na ce wa sauran kowa ya zauna, muryata kamar ta aro.

Na ce zan bi ta da alewa gobe, magana ta mutu. Gobe ba ta zo ba. Jibi ma haka.

Sai ranar kasuwa. Ni ban je ba, Inna ce ta gani da idonta. Ta ce Baffa Daudu ya zo sayen kanwar shanu, ya fito daga rumfa, sai ga yarana sun jeru a bayansa, kowa da kara a kafaɗa, suna jan ƙafa suna rera "slow, slow, old man" har da amshi. Darasi ya zauna, ba wanda ya yi kuskure ko ɗaya. 'Yan kasuwa suna dariya, wani mai tsire ya tambayi yaran me suke cewa, suka fassara masa tsaf, suka ƙara da cewa Malama Saude ce ta koya musu. Ta ce bai waiwaya ba. Ya ɗora kanwarsa a jaki, ya kama hanya da tafiyar nan tasa, don ba shi da wata.

Inna ba ta dake ni ba. Ta ajiye kwandonta ta zauna a bakin murhu, ta ce ita dai ta san ta haifi baki, sauran jikin rakiya ya yo. Ta ce duk kwanukan samira da ta jera a ƙarƙashin gado tana tara min, gara ta fito da su ta riƙa zuba dusa. Babana ya daina amsa gaisuwata da suna. Gwaggo Abu ta zo ta kalle ni tun daga sama har ƙasa ta koma ba ta zauna ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar na ji Honda. Na daɗe a ɗaki ina ɗaura ɗankwali ina kwancewa kafin na fita. Yana tsaye jikin babur, bai zauna a tabarma ba. Na fara yi masa bayani, na ce darasi ne, na ce littafin ne bai yi ba, na ce ai kowa nake kwaikwaya har Hedimasta. Ya bar ni na gama tas.

Ya ce, "Kin san yadda aka yi ƙafar nan ta zama haka?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma ban sani ba. Mu a gidanmu ko kallonta ba ma yi."

Jama'a, na so ƙasa ta buɗe. Na tsaya ina murza bakin mayafi, ni da ba a taɓa rufe min baki ba. Can ya ce Baffa bai ce komai ba, ko ga mahaifiyarsu, kuma shirunsa ya fi faɗansa tsanani. Ya ce gobe da safe mu je da Gwaggo, shi ma zai kwana a ruga. Ya roƙe ni abu ɗaya: in durƙusa, in sunkuyar da kai, Gwaggo ta yi magana. Ko me Baffa zai ce, ko zagi ne, kada in ɗago. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ya dube ni wani iri, ya tayar da babur.

Da safe na ɗauko atamfata mai ruwan goro, Inna ta fizge ta. Ta cire min 'yan kunne, ta sa na goge kwalli, ta ba ni wani tsohon zanenta na saƙi da mayafi mai kauri da ke warin adaka. Takalmina mai tudu ma ta ce in ajiye, na sa silifas ɗinta. Na leƙa madubi na ga kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Gwaggo ta ƙulle goro a ganye, muka kama hanya. Gonaki duk an girbe, shanu sun bazu suna cin kara. Da muka hango bukkokin ruga ta ce in ja mayafin nan ya rufe har hanci.

Matan gidan suka amsa sallamarmu a ladabce, irin ladabin da ke sa ka ji sanyi a baya. Na hango Ma'u tana wanke ƙwarya, ta juya mana baya. Shi Baffa Daudu yana ƙarƙashin gawo da wasu dattawa biyu, yana tufka igiya, ƙafar nan a miƙe. Sama'ilu yana can nesa wajen turken maruƙa, wai yana duba kunnen wani ɗan maraƙi. Na zube tun daga nesa, gwiwa a ƙasa, ido a kan tururuwa.

Gwaggo ta yi gaisuwa mai tsawo, ta gaida gida, ta gaida shanu, ta gaida kaka. Sannan ta tura goro gaba ta fara. Ta ce yarinya ce, ƙuruciya ce, boko ne ya zo da abin da ba a saba ba. Ta ce laifin nasu ne su manya da ba su ja mata kunne da kyau ba. Ta ce ga ta nan, in duka ne a dake ta, in faɗa ne a yi mata, 'yarsa ce. Gwaggo Abu da ko Hakimi ba ta lanƙwasa wa murya, yau ga ta tana roƙo saboda ni. Zufa tana bin bayana, ƙafata ta yi tsami, ina ta cewa a raina Allah ka sa ya zage ni mu huta.

Ya ci gaba da murza igiya a tafin hannunsa. Sai na ji gyaran murya.

"Abu, wace ce wannan kika kawo min a ƙunshe kamar daddawa?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi 'yar dariya ta hanci.

"An ce min wai ta iya tafiyata. To ni ban yi mamaki ba. Barebari sun nemi shanu sun rasa, shi ne suka koma satar ɗingishin Fulani."

Ku fahimce ni. Kwana da kwanaki ban yi barcin kirki ba, na zo ina jiran wuta, sai na ji muryar nan ta da, ta bakin kasuwa, ta lokacin gyaɗa. Wani daɗi ya taso min tun daga ciki. Na ce ashe bai yi fushi ba, ashe ya yafe. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya tafi.

Na ce, "Ai Baffa gara ɗingishin. Shanun naka wa zai sata, ƙashi da fata kamar mai su?"

Dattawan nan suka kwashe. Shi kuwa ya yi dariya har igiya ta faɗi daga hannunsa, yana tari yana nuna ni da yatsa. Ni ma ina dariya, kaina a ɗage, mayafi ya zame har kafaɗa, ina kallon tsakiyar idonsa. Sai na ji farcen Gwaggo ya nutse a cinyata.

Na waiga wajen turke. Sama'ilu ya saki kunnen maraƙin. Ba ni yake kallo ba, ƙasa yake kallo, hannuwansa a sake.

Baffa Daudu ya share hawayen dariya da bakin rawani. Ya ce, "Kin ji ta ko, Abu? Tana nan yadda na san ta. Ba komai, wallahi na yafe. Ma'u za ta koma makaranta. Ke kuma ki riƙa tare ni a kasuwa kamar da, na yi kewar bakin nan."

Ya ɗaga murya ya ce a kawo wa abokiyar wasansa nono mai kyau, kada a ce Fulani sun yi rowa. Ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, sauran ya turo wa Gwaggo ya ce ta kai wa Babana, ya gode da zumunci. Gwaggo ta ce, "Mun gode, Allah ya ƙara girma," da wata murya busasshiya. Aka kawo nonon a ƙwarya sabuwa, fari tas, har da ludayi mai zane. Ma'u ce ta kawo. Na kurɓa sau ɗaya na ajiye ludayin.

Ba wanda ya rako mu. Sai da muka wuce gonar farko na ce, "Gwaggo, ai ya ce ya yafe."

Ta tsaya ta gyara ƙullin goron da aka dawo mana da shi. Ta ce, "Ya yafe mana. Kin taɓa ganin inda mutum ya yi wasa da matar ɗansa?"

Har yanzu ban sani ba, ko ya riga ya yanke hukunci kafin mu zo, ko jefa min ya yi ya ga zan cafe. In na tuna sai in cusa kaina cikin filo. Ma'u ta dawo aji, tana zama a sahun baya. Yara suna ta naci a yi Wane Ne Wannan, na ce musu ƙafata ke ciwo.

Yau Juma'a. Inna ta share ƙofar gida ta shimfiɗa tabarma kamar kullum. An yi la'asar tun ɗazu. Babura suna ta wucewa ta hanyar Kazaure, ni kuma ina zaune a bakin gado da ɗankwali a hannu, har yanzu ban ji tasa ba.